Tsakanin Baiko Da Ɗaurin Aure



Maganar da na ɗauko yau magana ce mai nauyi a baki, irin wadda in an taɓo ta a tsakar gida sai ki ga kowa ta duƙar da kai tana wasa da bakin zanenta. To amma rashin faɗar ta bai taɓa hana ta aukuwa ba. Duk ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗiyar wane ta kwaso abin kunya, ko an fasa aurenta ana saura sati biyu ba a faɗi dalili ba, hukunci ɗaya ake yankewa tun daga bakin famfo har gidan suna: kwaɗayi ne ya ja ta, ko kuwa dama can idonta a buɗe yake. A tofa albarkacin baki, a ce Allah ya shirya mana zuri'a, a watse.

Ni dai na daɗe da daina yarda da wannan hukunci, kuma sana'ata ce ta sa. Kitso nake yi a nan Dutsin-Ma shekara 19 ke nan, a Kurfi kuma na taso, can na koya a hannun kakata. Duk wadda ta san kitso ta san wadda ake yi wa ba ta kallon idon mai yi mata. Kanta na bisa cinyarki, fuskarta na duban tabarma, ga awa biyu ko uku ba inda za ta je. Abin da yarinya ba za ta iya gaya wa uwarta ba ko za a yanka ta, sai ki ji ya zubo tun ba a kai rabin shuku ba. Ba zan kama sunan kowa ba domin amana ce, amma abin da kunnena ya tara ya ishe ni in ce maki yawancin waɗanda wannan abu ya sama ba fitsararru ba ne. Fitsararriya ai ta iya cewa, "Kai malam, matsa can." Waɗanda na ga sun faɗa su ne masu kunya, masu kara, masu tausayi, waɗanda duk unguwa ake cewa Allah ya ba mu irinsu. Kuma da yawansu a hannun wanda iyaye suka karɓi goronsa suka faɗa, a 'yan watannin nan da ke tsakanin baiko da ɗaurin aure.

Bari in ba ki labarin wata daga wani ƙauye a ƙasar Kurfi. Shekararta 21 a lokacin, ta gama karatun malanta, ga natsuwa, ko gaisuwa za ta yi maki sai ta kai ƙasa. Wanda zai aure ta ɗan gidan mutunci ne, yana da ɗan shagonsa a Katsina, ba a taɓa jin wani abu a kansa ba. Aka kawo kayan na-gani-ina-so, aka yi gaisuwar iyaye, aka yi baiko, aka sa rana bayan kaka. Kaka ta zo, mahaifinta ya ce a yi masa haƙuri, gonarsa ta nesa ba ta nomu ba saboda ɓarayin daji, bai haɗa kuɗin gado da katifa ba. Aka ɗaga zuwa bayan Babbar Sallah. Sallah ta wuce, shi kuma angon ya ce lefe bai cika ba, don a shekarar ne, 2023, aka cire tallafin mai, kuɗin atamfa da leshi suka tashi kamar an hura masu wuta. Aka sake ɗagawa. Wata 16 cur yarinyar nan tana zaune da baiko a kanta.

To ki duba abin da ke faruwa a cikin wata 16 ɗin nan. Ta sallami duk wani mai zuwa wajenta, don haka al'ada ta ce. Ƙannensa in sun gan ta a biki sai su ce ga matar Yaya. Uwarsa na aiko mata da kayan Sallah. Mahaifinta ya kwanta da hawan jini, shi ya sayi magani har sau uku. A bakin kowa ta riga ta zama matarsa, wurin Allah ne kawai ba ta zama ba. Zancen da ake yi a ƙofar gida a kan idon masu wucewa ya koma cikin soro, don an ce ai ya zama ɗan gida. Ƙanenta da ake turawa ya zauna kusa aka daina turawa. Ranar nan sai ya ce ta zo ya kai ta ta gaida yayarsa da ta haihu. Suka je, yaya ta tafi asibiti rigakafi, ba kowa a gidan.

Da take ba ni labari, hawayenta har ya jiƙa mani zane. Ta ce, "Anti, wallahi tallahi ba so nike ba, kunyarshi na ji. Mutumen da ya yi ma Babanmu abin da ya yi, ya zan dubi idonshi in ture shi kamar na ɗauke shi ɗan iska? Bakina ne ya yi nauyi."

Wannan kalma ta bakina ya yi nauyi, na ji ta ya fi a ƙirga. Kuma in za mu faɗi gaskiya mu ne muka ɗora masu nauyin. Tun yarinya na tatata muke ce mata kada ki ɗaga murya, kada ki musa wa babba, in an ba ki ki sa hannu biyu ki karɓa, in an ɓata maki ki yi kawaici, mace da haƙuri aka san ta. Shekara 20 muna horar da ita a kan "to", ba mu taɓa zaunar da ita ko sau ɗaya mun koya mata inda ake cewa "a'a" da ƙarfi ba. Sannan rana ɗaya muna so ta miƙe a ɗakin da ba kowa, gaban namijin da take so, wanda ya girme ta da shekara takwas, ta daka masa tsawa. A ina za ta samo muryar? Kunyar da malamai ke cewa tana cikin imani ita ce wadda ke hana mutum aikata abin ƙi ko ba mai ganinsa. Wadda muka fi koya wa 'ya'yanmu kuwa kunyar buɗe baki ce, kuma ita wannan duk wanda ya fi ki ƙarfin hali zai iya jan ki da ita kamar akuya.

An yi auren fa. Allah ya rufa asiri ba a samu ciki ba, aka sha biki, ni na yi mata kitson amarci. Masu cewa ai tunda an yi aure shi ke nan, su je su ga zamanta. Takardar malantar tana cikin akwati, ya ce ba inda za ta je aiki. Wayarta a hannunsa take kwana. Ko gidan suna za ta sai ya haɗa ta da ƙanwarsa. Ranar da suka yi faɗa na farko, abin da ya fito bakinsa shi ne, "Ke da kika ba ni kanki a waje, wa ya san ko ni kaɗai ne." Shi da ya roƙa, shi da ya kai ta gidan, shi ne yau ke riƙe da wuƙar. Tana cikin ɗakinta, da yaro guda, amma zargi ya riga ta tarewa.

Ban ce babu kwaɗayi ba. Akwai shi, akwai wadda waya mai tsada da kaza gasassa kan kai ta inda ba ta zata ba, ina ganinsu. Amma abin da ake kira kwaɗayi sau da yawa bashi ne. Yarinya ba ta roƙa ba, shi ke kawowa, yau kati, gobe turare, jibi kuɗin rajista, uwa kuma na karɓa tana sa albarka, har da cewa wannan yaro akwai hannun kyauta. Toshi al'adarmu ce, ba wanda ya ce haramun ne. Sai dai Hausawan da suka san toshi su ne kuma suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yarinya mai mutunci ta fi kowa jin nauyin alheri. Marar kunya ta ci ta goge baki ta ƙara gaba, ita kuwa wannan kullum tana lissafi a ranta, tana jin an fi ƙarfinta.

Sai tausayi, wanda shi kam har dariya yake ba ni wani lokaci, dariyar takaici. Ƙato da gemunsa zai zo ya langaɓe kai, ya ce mararsa ke ciwo, kwana uku bai yi barci ba, wai har likita ya ce in bai samu mafita ba zai iya samun matsala. Yarinya ta rikice, ta ga ai ita ce za ta kashe ɗan mutane. 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, ba wanda haƙuri da wannan ya taɓa kai shi kabari. In da gaske yake, addini ya nuna masa azumi, ga Litinin ga Alhamis. In kuma ya gaji da azumin, ya je ya matsa wa iyayensa a ɗaura.

Amma wanda ya fi duka ƙarfi a ganina shi ne tsoro. A garuruwanmu in yarinya ta haura 23 ko 24 ba ta yi aure ba, ba ta da sauran sukuni. Ƙannenta sun yi, ƙawayenta na goyo, a gidan biki a riƙa tambayarta yaushe za mu sha naki, a bayan idonta a ce ta yi kwantai. Irin wannan in ta samu wanda ya fito, riƙe shi take da hannu biyu. Shi kuma ya san haka sarai. Ba sai ya tilasta ta ba. Ya isa ya ɗauke ƙafa sati biyu, ya daina ɗaga waya, ya sa a gaya mata an gan shi ƙofar gidan su wance. In ya dawo ya ce, "Na ga alama ba ki yarda da ni ba," to a ranar abin da take ji a ranta shi ne in ta ce a'a ta koma layin baya, wata shekara uku ana nuna ta da baki.

Su ma samarin in kin bincika ba sha'awa kaɗai ke tura su ba. Ina da ƙanne maza, ina da ɗa, ina jin hirar majalisarsu ta bayan katanga. Akwai wanda abokai ke yi wa dariya suna ce masa ustaz, wai shekara guda yana zuwa zance ko hannu bai taɓa riƙewa ba. Akwai kuma talaka mai tsoro, wanda kullum gabansa ke faɗuwa kada wani mai mota ya zo iyaye su juya masa baya, sai shaiɗan ya raya masa cewa in ya san ta ya ɗaure ta, ba ta da bakin ƙin sa kuma. Ya kira wannan so. Sannan can ƙasan ransa an riga an shuka masa tun yana yaro cewa matar aure ita ce wadda ba ta yarda, don haka ranar da ta yarda, ranar ta faɗi jarabawar da ba ta san ana yi mata ba. Ki ga ikon Allah, shi ne mai roƙon, shi ne kuma mai ba da maki.

In kuwa ciki ya shiga, to nan ne za ki san an bar jaki ana dukan taiki. Manyanmu za su tuna shari'ar Amina Lawal, bazawara daga Kurami ta ƙasar Bakori a jihar nan tamu. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa saboda ta haihu ba aure. Mutumin da ta ce shi ne, wanda ta ce ya yi mata alkawarin aure, bai musa cewa yana neman ta ba, amma ya rantse bai taɓa ta ba, aka sallame shi ya tafi gida, don shi sai da shaidu huɗu ake kama shi, ita kuwa ga jaririya a hannu. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekarar. Sai ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu cikin biyar, bayan sunanta ya zaga duniya har Ingila da Amurka. Ba shari'ar nake son mu tattauna ba, wannan na malamai ne. Abin da nake so ki riƙe shi ne alkawarin aure ba ya tsayawa a gaban alƙali, ko a gaban mai unguwa ma ba ya tsayawa. Kuma ko an yi saurin ɗaura aure don a rufe, malamanmu na Malikiyya sun ce ɗan da aka haifa ƙasa da wata shida bayan aure ba a jingina shi ga mijin. Shi ya sa wasu kan ruga wajen masu jiƙe-jiƙe da allurar bayan kanti. Na san wadda aka kwasa cikin dare jini ya ƙi tsayawa, Allah ya yi da sauran kwananta, amma yau shekara bakwai da aurenta ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, kuma ita kaɗai da ni muka san dalili. Wanda ya yi mata kuwa 'ya'yansa huɗu.

Tsofaffi kan ce a zamaninsu ba a san wannan ba. Da gaskiyarsu ta wani gefen, amma kada a ruɗe mu wai su zukatansu na dutse ne. Suna da dandali, suna da kalangu, har akwai tsarance, inda saurayi da budurwa kan raba dare suna hira wuri ɗaya da sanin manya, bisa sharaɗin ba a ƙetare iyaka, wanda ya ƙetare kuma ya shiga uku a gari. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan. Addini bai yarda da shi ba, kuma an bar shi, madalla. Bambancin shi ne su komai nasu a idon jama'a yake, kuma jiransu ba ya tsawo. Mu yanzu yarinya na karatu har ta kai 22 ko fiye, abin alheri ne wannan, ni ma da na samu da na yi. Ga Kwalejin Isa Kaita, ga jami'ar tarayya da aka kafa mana a 2011, gari ya cika da ɗalibai daga ko'ina, har ranar kasuwar Laraba in kin shiga sai ki ji yare kala-kala. Shekarun da ke tsakanin girman yarinya da aurenta sun ƙaru sosai, amma maganar da muke yi da ita ba ta ƙaru ko da kalma ɗaya ba. Zance kuma ya tashi daga ƙofar gida ya shige cikin bargo. Uba ya kulle gida da kwaɗo ƙarfe tara ya kwanta da murnarsa, bai san saurayi na cikin ɗakin ɗiyarsa ta WhatsApp har ƙarfe biyun dare ba, yana cewa ta turo hoto ba ɗankwali, gobe ya ce wanda ya fi wannan. Hoton nan kuwa in ya fita hannunki ya fita ke nan, ranar da kuka ɓata shi ne bulalar.

Da can littattafan soyayya aka ɗora wa laifi, har a 2007 aka tara su aka cinna masu wuta a Kano. Toka ta huce, matsala na nan inda take.

Mu iyaye mata kuwa, me muke gaya masu? Ranar da yarinya ta fara ganin al'ada, jumla ɗaya ce gadon da muka karɓa muke miƙawa: "To kin girma, in namiji ya taɓa ki ciki za ki yi." Shi ke nan, an gama karatu. In 'yar fari ce ma ko wannan ba za ta samu ba, don uwa na kunyarta, ko sunanta ba ta faɗa. Sai ranar nan wani ya riƙe mata hannu a bakin hanya, ta yi wata guda tana kuka a ɓoye, ta ga ba abin da ya faru. Daga ranar ta gane Inna tsoratar da ita kawai take, sai ta zubar da maganar gaba ɗaya, ta koma ɗaukar karatu wajen ƙawaye. Su kuma su ce mata sau ɗaya ba ya zama ciki, in kin yi wanka da ruwan zafi ko kin sha kanwa shi ke nan. Duk ƙarya ce. Sau ɗaya na farko yana zama ciki. Ƙwan mace yakan fito kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ranar kuma takan gusa, iri na namiji kuma yana iya rayuwa a jikinta har kwana biyar yana jira, don haka lissafin ƙawaye ba abin dogaro ba ne. Ƙanjamau da ciwon hanta ba a ganinsu a fuska ko a tsaftar kaftani, sai an gwada jini. Jihar Kano ma a 2024 ta mai da gwaji kafin aure doka. Wadda ta ba da kanta kafin a kai ga gwajin, ta tsallake katangar da aka gina dominta. Wannan bayanin bai fi minti goma ba, kuma bai lalata kowa ba. In bakinki ba zai iya ba, ai don haka Allah ya yi goggo da kaka da ƙanwar uwa.

Kada kuma in yi maki daɗin baki in ce duk wadda ta ƙi, saurayin zai ƙara ganin girmanta ya dawo da gudu. Wani yakan dawo, wani ba ya dawowa. Akwai wata a Hayin Gada, ɗinki take yi, ita nata da ya matsa sai ta miƙe ta ɗauki mayafinta ta ce, "In sai da wannan, to ka aiko a kwashe kayanku." Ya ko aiko. Aka kwashe akwati biyar a idon unguwa, danginsa suka baza cewa girman kai gare ta, wasu ma suka ce ai wani abu aka gano. Ba ta iya fitowa ta faɗi dalili ba, don ko ta faɗa ita za a tambaya me ya kai ta inda har ya nema. Shekara biyu da rabi ta ƙara a gida tana shan habaici. Na tambaye ta ko ta yi nadama, ta ce kuka kam ta sha shi don tana son shi, amma ko sau ɗaya ba ta kasa barci don tsoron wata zai wuce ba. Da na lura da ita sai na ga abu biyu ta fi waccan ta Kurfi da su, ba wai ta fi ta tsoron Allah ba ne. Kekenta na ba ta kuɗin sabulu da kati, don haka ba ta jin bashin kowa a wuyanta. Sannan tana da goggo mai baki, wadda tun ranar farko da ya fara zancen banza ta je ta gaya mata, goggon kuma ba ta ce laifinki ne ba, cewa ta yi, "In ya ƙara ki ce mashi ni na hana, ya zo ya same ni."

Wannan maganar ta goggo ita na ɗauka na yi aiki da ita a gidana. Yarinya mai kunya tana bukatar wanda za ta jingina wa laifi. Ɗiyar yayana da nake riƙo an yi mata baiko watan jiya, shekararta 22, kuma irin masu nauyin bakin nan ce. Na zaunar da ita na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, har da wanda bai rubutuwa, tana ta rufe fuska ina ci gaba. Na ce mata daga yau ni ce muguwar. Duk inda ya ce ku je, ki ce Anti ta hana. Duk abin da ya ba ki wanda ya wuce na al'ada, ki ce Anti na bincika jakarki. Wayarki a ɗakina take caji daga ƙarfe goma, ki gaya masa haka, ya ji haushina, ba komai, ba ni zai aura ba. Zance a ƙofar gida, bisa benci, in rabin awa ta yi zan ƙwala maki kira ko ba abin da nake so.

Sannan na shirya na tafi Kurfi na samu Yaya. Na ce masa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, ba inda aka ce sai da kujeru da firji aure ke ɗauruwa, kuma ni ban yarda a ɗaga ranar nan ko da sati ɗaya ba. Ya ce mutane za su yi da mu in aka kai ta ɗaki ba kabet. Na ce su yi, kwana nawa ne. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce to a bar shi yadda aka sa, sati biyu bayan Ƙaramar Sallah. Gado da katifa sun samu, tukwane na haɗa mata da kuɗin adashina, labule kuma maƙwabciyata ta ce ita za ta ɗinka. Kujerun sai bayan kaka, in gero ya yi kyau.